Mashin ɗinmu, sabon dila da haƙorin giya: abin da ya faru da mu a Zariya

Na daɗe ina so in rubuta wannan maganar amma sai in ce bari dai ƙura ta lafa tukuna, saboda akwai mutanen da nake ganin girmansu a ciki kuma bana so abin ya zama tonon silili. Bazan kama sunan kamfanin ba, haka shima Alhajin da ya karɓi dilancin a nan Zariya, duk mai hawa irin mashin ɗin ya san su. Abin da nake so shi ne in zayyana yadda lamarin ya tafi tun daga tushe, don wallahi har yau ina son mashin ɗin nan, kuma son ne yasa abin ya tsaya min a rai.

A 2018 na fara hawansa. Lokacin ina zaune a Tudun Wada ina koyarwa a wata makaranta can hanyar Giwa, kullum sai na bi ta Kwangila in wuce Samaru in wuce Shika, safe da yamma, rani da damina. Tsohon mashin ɗina na hannu ne kuma ya gaji, yau fulogi gobe sarƙa jibi kafireta, rabin albashina a gareji yake ƙarewa. Makanikena wani dattijo ne a Sabon Gari, kowa Baba yake ce masa, rumfarsa ta langa-langa ce da benci biyu da wata tsohuwar akwatin ƙarfe da yake zuba sifana. Ranar da na kai masa mashin karo na uku a sati ɗaya sai ya ajiye sifana ya ce, Malam, ka rabu da wahalar nan, akwai wani mashin da wani ƙaramin kamfani ke haɗawa, mutane basu san shi ba amma na kwance injinsa na gani da idona, ƙarfe ne. A kan maganar Baba kaɗai na shiga adashi na haɗa kuɗi na tafi Kano na ɗauko shi, domin a lokacin dila ɗaya ne muka sani a duk wannan yankin namu kuma a Kano yake.

Kamfanin ƙarami ne sosai idan ka haɗa shi da irin su Bajaj ko TVS na Indiya, ko Jincheng da Haojue na ƙasar Sin da suka cika ko ina. Kaya suke shigowa da su a wargaje cikin kwantena sai a ɗaura a nan gida, wanda dama tsohuwar hanya ce a wannan sana'ar, ƴan kasuwar Nnewi a jihar Anambra sun daɗe da gano cewa idan ka shigo da mashin a kwance kwantena ɗaya tafi ɗaukar da yawa kuma kuɗinsa yafi sauƙi. Abin da ya bambanta namu shi ne ƙashin jikinsa mai kauri ne, zaka ɗora masa buhun masara ko kwandon tumatir daga Kudan bai lanƙwashe ba, baya shan mai, kuma injinsa a sauƙaƙe yake, babu wani abu a ɓoye da zai gagari makanike mai hankali.

Yadda Baba ke sauraren injin nan abin kallo ne. Zai ce ka tada, sai ya ɗauki dogon sukundireba ya ɗora bakinsa a kan murfin inji ya kanga kunnensa a ƙotar, ya rufe ido kamar mai sauraren karatu, can sai ya ce bawul ne ya saki, ko ya ce ka wuce lokacin juye ko? Kuma in ka duba sai ka ga haka ne. Yana da wani littafi mai bangon kwali duk ya sha baƙin mai, kowane mashin irin namu da ya taɓa shiga rumfar yana da shafinsa, ranar da aka yi masa juye, ranar da aka canza masa ringi, har wanda mai shi ke da halin matsa totur da sanyin safiya kafin inji ya ɗumama Baba ya rubuta.

A wannan rumfar majalisarmu ta samo asali, ba wanda ya kafa ta, kawai dai ka zo gyara ka tarar da wani mai irin naka sai hira ta ɓarke. Akwai malamai irina, akwai ma'aikacin asibiti, akwai ɗalibai biyu na ABU, akwai manomi daga Soba da yake zuwa takanas, akwai ƴan acaɓa. Idan ka hango irin mashin ɗin a titi sai ka danna hon shima ya danna, ko baka san shi ba. Wani lokacin ranar Lahadi mu fita tare zuwa gindin Kufena ko mu miƙa hanyar Kano har Tashar Yari mu sha rake mu dawo. Kayan gyara kuwa ga yadda muke yi, duk ranar Laraba Baba zai haɗa jerin abin da ake buƙata ya buga wa dilan Kano waya, a ba direba a tasha, kafin la'asar ɗin Alhamis kaya sun sauka a Kwangila yaron Baba ya je ya karɓo. In abin babu a Kano akwai wani injiniya a kamfanin da ke ɗaga waya da kansa, ya san Baba da murya. Ba tsari ne na takarda ba amma shekara biyar yana tafiya babu wanda mashin ɗinsa ya kwana sati a rumfa.

Kuma gaskiyar magana mu ne tallan kamfanin nan a Zazzau. Basu taɓa sa talla a rediyo mun ji ba, basu kafa allo ko ɗaya ba. Ni kaɗai mutum shida suka saya ta dalilina, har da surukina. In mutum ya tambaye ka yaya mashin ɗin nan sai ka miƙa masa makulli ka ce je ka zaga ka dawo, gani ya kori ji.

Sai 2023 ta zo. Ranar 29 ga Mayu aka ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. Mutane da yawa a garin nan suka jingine motocinsu, zaka ga babban ma'aikaci da babbar riga a kan mashin yana tafiya Kongo ko Samaru, kowa tambayarsa ɗaya ce, wanne ne baya shan mai. Nan kasuwar namu ta buɗe, kamfanin ya ga dama ta samu sai ya fara raba dilanci gari-gari, muka ji an buɗe a Kaduna, an buɗe a Funtuwa, sai gashi an ce Zariya ma an ba wani Alhaji.

Ranar buɗe shagon mun yi murna ta gaske. Mun wanke mashinanmu tas muka jera su a ƙofar shagon ba tare da kowa ya roƙe mu ba, aka yi addu'a aka raba lemo, Baba ma ya sa farar shaddarsa ya zo. A ranmu wahalar zuwa Kano ta ƙare, kuma abin da muka daɗe muna yabo yau duniya ta yarda da shi. Alhajin mutumin kirki ne, wannan bazan ɓoye ba, sai dai shi ɗan kasuwa ne mai janareta da injin ban ruwa da wasu mashinan na wasu kamfanoni duk a shago ɗaya, namu layi ɗaya ne a cikin kayansa.

Abu na farko da muka fara karo da shi takardar garanti ce. An rubuta cewa duk sabon mashin dole a shagon dila za a riƙa yi masa sabis, in wani makanike na waje ya taɓa inji garanti ya faɗi. Wato Baba da ya shekara biyar yana riƙe da sunan mashin ɗin a garin ya zama na waje kenan. Yaran da aka ajiye a bayan shagon kuwa ɗaura sabo suka iya, su fito da shi daga kwali su sa taya su sa madubi su zuba mai, wannan ba laifinsu bane, iyakar abin da aka koya musu kenan. Sannan dilan Kano ya ce wa Baba ya yi haƙuri, an raba yanki, yanzu Zariya ba tasa bace, duk abin da muke so mu bi ta hannun Alhaji. Hanyar Laraba da Alhamis ta mutu a rana ɗaya.

Wanda abin ya faɗa wa sosai wani tsohon ɗalibina ne, maraya, shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa uku a Gyallesu. Ya zo ya same ni yace zai karɓi bashi a wajen kawunsa ya sayi mashin ya riƙa acaɓa da safe yana zuwa makaranta da yamma, wanne zai saya. Ban yi ko ɗar ba nace namu, na raka shi shagon da ƙafata na taya shi zaɓe. Wata uku da wasu kwanaki yana aiki lafiya, sai wata rana a wajen PZ yana sa giya ta biyu ya ji ƙara ƙas, mashin ya riƙe. Da aka tura shi shago aka buɗe sai aka ga haƙorin giya ne ya karye. Abu ne da ke faruwa da kowane irin inji jefi-jefi, kuma yana cikin garanti, aikin yini ɗaya ne in akwai kaya. To babu kayan. A shagon akwai fulogi, akwai wayar birki da ta kuloci, akwai madubi da gilashin fitila, irin abin da ke fita kullum, amma abin cikin inji ko ɗaya babu. Aka ce an rubuta wa kamfani, sati mai zuwa. Sati ya zo aka ce kwantena tana tashar jirgin ruwa a Legas.

Baba yana da tsohon haƙori a akwatinsa, muka ɗauka muka je muka gwada a gaban yaran shago, ashe a sabon zubin da aka kawo an ɗan canza girman abin, na tsohon baya shiga na sabon, kuma babu wanda ya sanar da kowa, shi kansa Alhajin a ranar ya sani. Sati bakwai mashin ɗin yaron nan yana jingine a bayan shago an lulluɓe shi da buhu, inji a buɗe, ƙurar hunturu tana sauka a kai, shi kuma kawunsa duk Juma'a yana aiko a karɓi kuɗin sati.

Wata rana bayan magariba ya zo ƙofar gidana, ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, ya daɗe bai ce komai ba sannan yace, Malam, ni fa ba kamfani na sani ba, kai na sani, kai ka ce in saya. Bai ɗaga murya ba, bai yi min rashin kunya ba, amma ban yi barcin kirki ba a daren nan. A nan na gane abin da muke ta kira son mashin ashe mutuncinmu ne muke ɗauka muna jinginarwa a madadin kamfanin da bai ma san sunayenmu ba. Washegari na ba shi nawa ya riƙa fita da shi da rana ni kuma na koma hawa bas zuwa makaranta, har aka gama rikicin.

Na je na zauna da Alhaji don in ji ta bakinsa, kuma dole in yi masa adalci domin maganarsa akwai gaskiya. Yace Malam, in na sayar da sabon mashin ribata a hannu take a ranar, amma in na zuba kuɗi a haƙorin giya da fistin da ƙarfen inji sai su shekara a kanta ba a tambaya ba, mashin ɗinku nawa ne a duk garin? Ga kuma dala, kafin Yunin 2023 tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta wuce 1,500, yace kayan da ya sayar yau kuɗin baya sayo masa irinsa gobe. Shi a lissafinsa ajiye kayan da basa fita asara ce, kuma kamfanin bai ba shi su bashi ba, bai kuma sa masa sharaɗin sai ya ajiye ba kafin a ba shi dilanci. Da ya biya kuɗin mashinan farko aka kafa masa allo shikenan.

A ganina nan ne ainihin kuskuren yake kuma na kamfanin ne. Babban kamfani baya shiga wannan matsalar saboda yawa na ɗaukar nauyin kansa, Boxer ko a ƙauyen da babu wuta ya lalace maka zaka samu mai kayansa a ranar kasuwa, kuma kowane yaron makanike da shi ya koyi aiki. Shi yasa ma in ka tashi sayar da shi a hannu kuɗinsa baya faɗuwa sosai, mai saye ya san ba zai sha wahalar gyara ba. Ƙaramin kamfani bashi da wannan gatan, abin da yake da shi kawai mutane ne irin Baba da irinmu, to in zai faɗaɗa sai ya fara tambaya a kowane gari wa ke riƙe da mashin ɗinmu a nan tun kafin mu zo, ya gina shagon a kan wannan mutumin. Ku dubi dattawan cikin birni masu Vespa, mashin ɗin Italiya da aka fara yi tun 1946, har yau zaka ga malami da rawaninsa a kai yana nufar Ƙofar Doka, yana haɗa baƙin mai da fetur a tanki kamar yadda ya saba shekara da shekaru. Babu wani shago mai gilashi da ke riƙe da su, makanikai ne tsofaffi ƴan kaɗan da suka san abin ciki da waje.

Ɗaya daga cikin ɗaliban ABU na majalisarmu yana yawan kawo mana labarin Royal Enfield, kuma labarin ya dace da namu. Asalinsa na Ingila ne, tun 1901 suke ƙera mashin, a 1955 aka kafa kamfanin da zai riƙa haɗa shi a Madras ta Indiya wadda yanzu ake kira Chennai, daga baya na Ingilan ya rufe na Indiya ya ci gaba. Kamfanin Eicher ya karɓe shi a 1994, zuwa wajen 2000 ya kusa durƙushewa, masoyansa ƴan amana ne sosai amma mashin ɗin ya yi suna da yoyon mai da yawan zuwa gareji. Da Siddhartha Lal ya karɓi ragama yana matashi sai da suka fara gyara mashin ɗin kansa, suka sake inji, suka maida giya daga ƙafar dama zuwa hagu kamar na kowa, tsofaffin masoya suka yi ta ƙorafi wai an ɓata musu sautin da suka sani. Bayan fitowar samfurinsu mai suna Classic a 2009 ne kasuwa ta buɗe shaguna suka yawaita, yanzu suna sayar da mashin sama da miliyan 1 a shekara. Abin da na ɗauka a ciki shi ne sun shafe shekaru suna gyaran gida kafin su baza, namu kuwa allo ya riga kayan gyara isowa.

A majalisa an yi zazzafar muhawara, har aka kusa ɓatawa. Ƴan acaɓan cikinmu suka ce su ba soyayya suka zo yi ba abinci suke nema, yini ɗaya in mashin ya tsaya gidansu ba a ɗora tukunya, biyu a cikinsu suka sayar suka koma Boxer kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Wasu kuma suka ce kar a fita da maganar waje kar a ɓata wa kamfani suna, wai a rufa asiri. Baba ne ya raba gardamar, yace ƴaƴana, wanda yake son abu shi ke faɗa masa gaskiya, in kun yi shiru yaro na gaba da zai ci bashi ya saya alhakinsa a wuyan wa? Sai muka rubuta takarda, muka sa lambar kowane mashin da ke littafin Baba da sunan unguwar mai shi, muka sa hannu, muka aika wa injiniyan nan da ke ɗaga waya a da.

Bayan kamar sati uku sai gashi ya zo Zariya da kansa tare da wani daga ɓangaren kasuwanci. A shagon Alhaji suka so a zauna, muka ce a'a su zo rumfa. Suka zauna a bencin nan mai baƙin mai, Baba ya buɗe musu littafinsa shafi-shafi, na ga mutumin kasuwancin yana juya takardun a hankali yana kallon abokinsa, domin abin da ke ciki ko su a ofis basu da shi, wane ƙarfe ne ke saurin ci a hanyar jar ƙasa da damina, wane ne ke kai shekara uku. Injiniyan yace Baba, mun yi kuskure da bamu fara zuwa wajenka ba. Baba yace ba komai ɗana, ni dai a sallami yaron nan tukuna sai a yi sauran magana. A jakarsu suka zo da haƙorin giyar, a ranar Baba ya ɗaura shi da hannunsa a gaban yaran shago yana nuna musu yadda ake jera shi.

Abin da aka samu bayan nan rabi da rabi ne. An yarda gyaran Baba baya kashe garanti, an ɗauki babban yaronsa da ɗaya daga yaran Alhaji an kai su kamfani sun yi sati biyu suna koyon sabon zubin, kuma an ajiye ƙaramin akwati na kayan cikin inji a shagon wanda sai an sayar Alhaji zai biya. Amma akwatin in ya ƙare cika shi na ɗaukar lokaci, kuma babu wanda ya biya yaron nan asarar sati bakwai, mu ne a majalisa muka yi karo-karo muka rage masa bashin kawunsa. Manomin Soba ya ce abokinsa da ya saya a wani garin yana can yana fama da irin wannan jiran, su basu da Baba balle littafi.

Ni har yanzu shi nake hawa, nawa na 2018, an canza masa ringi sau ɗaya kuma da bugu ɗaya yake tashi ko da sanyin Janairu. Makon jiya wani abokin aikina ya tare ni a bakin makaranta yace yana so ya sayi irinsa, me na gani. A da makulli zan miƙa masa. Wannan karon nace ya bari sai Asabar mu je Sabon Gari tare, mu fara leƙa akwatin shagon Alhaji mu ga me ya rage a ciki, sannan mu biya wajen Baba ya ji daga bakinsa.